Ragowar Akushin Memba

Makon jiya na bi ta ƙofar gidan kakanmu a Kazaure, ina bayan ɗan acaba, sai na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Zauren nan da na sani, mai kaurin bango kamu uku, wanda in ka shiga da tsakar rana sai ka ji kamar an tsoma ka cikin randa, babu shi. An rushe. A gurbinsa an jera shaguna huɗu masu ƙofar ƙarfe, ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da turare, ɗaya a kulle, na ƙarshen kuma na aski. Daidai inda buzun tsohon yake shimfiɗe shekara da shekaru, nan mai askin ya kafa kujerarsa mai juyi, wani saurayi na zaune a kai ana yi masa wani irin aski kamar ɓera ya yi masa ɓarna. Na yi tsaye ina kallo har ɗan acaban ya gaji ya ce, "Baba, in kuka za ku yi ku sallame ni tukuna, ina da fasinja." Na ce masa, "Kai, rufe mini baki, ba kuka ba ne." Kuma gaskiya na faɗa masa. Abin da ya taso mini wani tsohon kishi ne, wanda na ɗauka ya mutu tun kafin a haifi ɗan acaban nan, ashe barci kawai yake yi.

Kakan namu, mahaifin mahaifiyata, shi ne mutumin da duk ƙasar nan take kira Memba. Tun zamanin Turawa aka zaɓe shi ya tafi majalisar Kaduna, lokacin da sai ka ƙirga jakai ɗari a hanyar Babura kafin ka ga mota ɗaya. Mu jikoki ba mu riski wannan zamani ba. Mun buɗe ido ne mun tarar soja sun daɗe da sallamar 'yan siyasa, kowa ya koma gidan ubansa, amma sunan ya manne masa, har masu tallan ƙosai Memba suke ce masa. Labaransa kuwa mun sha su har sun ginshe mu. An ce ya taɓa tsare Di'o, Baturen mulki, a kan maganar rijiya tun hantsi har la'asar, har Baturen ya manta Hausar da ya koya ya koma magana da hannu. An ce da aka buɗe ajin 'yan mata mutane suka ƙi kai 'ya'yansu, shi ne ya tasa nasa uku a gaba, har da mahaifiyata, ya bi da su ta tsakiyar kasuwa ranar da take ci, don kowa ya gani. Kuma shi ne ya taka da ƙafarsa, tare da arɗaɗen Fulani da dagatai, suka shata burtalin shanu daga bayan duwatsun Roni har ya ɓulle wajen Gwiwa, don makiyayi ya wuce da garkensa ba tare da ya taɓa gonar kowa ba. Akwai hoto a bangon zauren, mutane birjik a jere da rawuna, shi yana can layin baya, kunnensa ɗaya kawai ake gani da gefen tabarau. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa kunnen nan.

Ba alƙali ba ne, ba hakimi ba, ba shi da ɗan doka ko ɗaya, amma ƙofar zauren nan ba ta rabuwa da takalma. Da asuba ka ji tarinsa sau biyu, sannan ƙarar buta, sannan rediyo na shuu yana laluben tasha. Kafin mu gama share ƙofar gida mutane sun fara isowa: mai rigimar iyakar gona, mai takardar da aka aiko masa daga ofis ya kasa karantawa, iyayen yaran da malaminsu ya daina zuwa makaranta. Yakan bar kowa ya yi magana har ya gaji, shi kuwa yana jan carbi ido a rufe, ka rantse barci yake. Sai mutum ya gama, ya buɗe ido ya maimaita masa maganarsa tsaf, har da inda ya yi ƙarya. Yanzu kuwa in kana son ganin wanda ka zaɓa, sai dai ka tsaya bakin titi ka ɗaga wa baƙin gilashin mota hannu, ka ga fuskarka a ciki, ka gaisa da kanka, ka koma gida.

Ni ɗan mace ne. Daga Gwiwa aka kawo ni gidan don in yi firamare, da ɗan akwatin ƙarfe da riga biyu. Na tarar da jikoki kamar fari, amma wanda ya tsaya mini a maƙogwaro ɗaya ne: ɗan Kawu Babba, wanda aka haife mu damina ɗaya, aka kuma sa masa sunan Memba. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba ba zai gane girman wannan zalunci ba. Yaron da ya ci sunan maigida ba a kiran sunansa, sai dai a ce Baba Ƙarami. Ba a zaginsa, don zagin zai zarce ya sami mai sunan. Ba a dukansa, don wa zai ɗaga hannu a kan sunan ubansa? Mu je mu tsinke mangwaron maƙwabta tare, a kamo mu tare, ni a zane ni har sai na kwana a kife, shi kuwa uwarsa ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Baba, ai girma ya kama ka." Girma! Yaron da majina ke kai wa leɓensa ziyara sau goma a wuni. Inna, kakarmu, matar Memba, in ta gan shi sai ta washe baki ta ce, "Maigidana ya dawo, a dama masa fura." In ta gan ni sai ta ce, "Kai baƙon Gwiwa, an ba ragon nan dusa?" Shekarata shida a gidan ina baƙo. Da yake taubasai ne mu, ɗan mace da ɗan namiji, muna da izinin tsokanar juna. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, amma kowa ya san wanda ke ɗebo ruwa, da yankan ciyawa, da kai tuwo gidan liman. Shi aikinsa ɗaya ne tal a duniya, kuma a kan aikin nan na kusa sheƙawa barzahu.

Aikin shi ne ɗauko akushi. Memba yana da wani baƙin akushi, ya sha man shanu har yana ƙyalli, an ce tare suka je Kaduna suka dawo, don bai yarda da cin abinci a tangaran da cokali mai yatsu ba. Inna da kanta take zuba masa, ba ta yarda wata ta taɓa miyarsa ba. Mu yara miyarmu kuka ce tsagwaronta, in ka ga ƙashi a ciki to kuskure aka yi. Tasa kuwa ta ji daddawa da man shanu, ga cinyar zabo kwance a kai kamar hakimi a kan darduma. Al'adar gidan manya ce maigida ba ya cinyewa tas. Yakan rage, ya kira yaro ɗaya ya ba shi. Ragowar nan albarka ce, kuma shaida ce a gaban kowa cewa ga wanda ke cikin ran tsoho. Kullum sai mu ji murya daga zaure: "Takwara!" Sai Baba Ƙarami ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe wando, ya dube ni, ya tafi yana tafiyar agwagwa. Ya fito da akushin, ya biya ta gaban Inna, ta ɗaga faifai ta leƙa abin da aka rage, ta gyaɗa kai. Sannan ya zo ya zauna daidai gabana, duk faɗin tsakar gidan nan, ya cinye loma biyun nan da guntun nama a hankali kamar yana karatun allo. In ya gama ya matso kusa da kunnena ya yi gyatsa. Wallahi har yau in na ji ƙanshin daddawa da man shanu sai na ji gyatsar nan. Malamai sun ce hassada haramun ce, shi ya sa nake kiran tawa kishi, ko a sami sassauci.

'Ya'yan yanzu ba su san wannan ba. Kowa da farantinsa, kowa da cokalinsa, ido na kan waya. Kwanaki na rage nama a kwanona, na kira autana na miƙa masa, ina jiran in ga ya yi tsalle. Ya leƙa ya ce, "Abba, an ce mana a makaranta ba kyau cin ragowar wani." Abin da na yi shekara shida ina mafarkinsa, shi yaron nan yake wa kallon cuta.

A shekarar da muke ajin ƙarshe rigima ta tashi a kan burtalin nan. Manoma sun yi ta cinsa kaɗan-kaɗan, wannan ya ƙara kunya biyu, na kusa da shi ya ƙara uku, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma sai saniya ta yi azumi kafin ta ratsa. Shanu suka faɗa gonar gyaɗa, aka fasa wa wani makiyayi kai, aka ƙone bukka biyu. Wani tsohon Arɗo, dogo siriri, mai Hausa da ɗan karin Fulatanci, ya zo zaure tare da dagatai biyu. Takardun da aka rubuta tun zamanin En'e gara ta cinye su. Cikin waɗanda suka taka burtalin da ƙafa kuwa, Memba kaɗai ya rage da rai da hankalinsa. Aka yi alkawari in an gama kwashe amfanin gona zai je ya nuna iyaka, kowane ɓangare kuma ya rantse zai karɓi abin da ya nuna. In bai je ba kafin shanu su gangaro, kowa ya san abin da zai biyo baya. Kawunnanmu suka ce sam, tafiyar wuni biyu ce cikin duwatsu, tsoho ba zai iya ba. Aka kai magana gaban Inna. Ta ce, "Ni ban yi karatun likita ba. Tun da aka kawo ni gidan nan da akushin nan nake auna lafiyarsa. Ga shi kwanan nan ko ragowar kirki ba ya bari, wayam yake dawo mini. Ku ƙyale shi ya je."

Ni kuwa raina bai kwanta ba. Gaskiya ne akushin wayam yake dawowa, amma tun da aka fara yankan gero wani abu ya canza. In an ce "Takwara!" Baba Ƙarami ya shiga, sai ya turo ƙyaure, ya daɗe a ciki, sannan ya fito da akushi a suɗe. Ya daina zuwa gabana ya ci. Ya daina ko kallon tuwonmu. Kumatunsa suka cika, wandon makaranta ya ƙi ɗauruwa. Babu wanda ya lura sai ni, don ni kaɗai nake auna shi da ido safe da yamma. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kai wa Memba tuwon shinkafa da miyar taushe. Na zagaya bayan zaure, na kife wani tsohon turmi na hau, na leƙa ta 'yar taga. Na ga tsohon ya yanki loma ɗaya, ya juya ta a miya, ya kai baki, ya daɗe yana tauna, sannan ya ture akushin. Baba Ƙarami ya naɗe hannun riga ya afka wa tuwon nan kamar wanda aka sako daga kurkuku. Tsohon na ta yi masa magana ƙasa-ƙasa yana ƙirga wani abu da yatsu, shi kuma yana gyaɗa kai, baki cike. Ban ji abin da ake cewa ba, ban ma damu ba. Idona na kan zabo. Ku fahimce ni da kyau, ni ban ga tsoho marar lafiya ba. Ɓarawo na gani.

Na dira daga turmin na ruga cikin gida. Inna na zaune a inuwar rumfa tana kaɗi da mazari.

Na ce, "Inna, Maigidan naki ɓarawo ne."

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wanne daga ciki? Biyu gare ni."

"Ƙaramin. Shi yake cinye tuwon Alhaji duka. Loma ɗaya Alhaji yake yi."

Mazarin ya tsaya. "Loma nawa ka ce?"

"Ɗaya. Ita ma da kyar ta wuce. Zabon ma ko taɓawa bai yi ba, wancan ƙaton ne ya..."

"Tun yaushe?"

"Tun yankan gero."

Na gyara tsayuwa ina jiran ta ce a ɗauko dorina, yau dai za a zane suna da mai ɗauke da shi. Sai na ga ta ajiye audugar, ta ja mayafi, ta nufi zaure. Inna ba ta taɓa shiga zauren nan da rana Memba na zaune ba. Masu daka suka tsaya da taɓare a sama. Ta yi sallama ta tura ƙyaure, ina biye da ita. Ga Baba Ƙarami riƙe da ƙashin zabo, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa gaban tsohon, ta ɗage hannun babbar rigarsa, sai ga wata rigar a ƙasa. Ta ɗage ita ma, sai ga ta uku. Da ta kai ga hannun, kamar sillen kara.

Ta ce, "Alhaji, ni za ka yi wa siyasa?"

Ya ce, "Kwana ashirin ya rage. Ki bar ni in taka burtalin nan, in na dawo ki kai ni duk inda kike so."

"Ka dawo a kan me? A kan ƙafa ko a kan makara?"

Mutumin da ya sa Bature ya manta Hausa, ranar na ga ya rasa abin cewa. Kafin la'asar Kawu Babba ya samo mota, aka ce washegari da safe sai asibiti a Kano. Da safen, an fito da shi ana shirin sa shi a mota, gida duk ya taru a ƙofa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata. Wa ya kai ƙarata?" Idanu suka juyo kaina kamar an haɗa baki.

"Matso nan, ɗan Gwiwa. Tausayina ka ji?"

Da ina da wayo da na ce e, da yanzu wani labarin nake ba ku. Na ce, "A'a, Alhaji. Zabon nake so."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka riƙe shi. Ya ce, "Turawa sun gwada, 'yan hamayya sun yi ta gwadawa, ba su kayar da ni ba. Yau ga ɗan hamayya a cikin gidana ya kayar da ni a kan cinyar zabo." Sai dariyar ta ɗauke. Ya kama kunnena, ba da ƙarfi ba, don babu ƙarfin, ya ce, "Ka yi ta addu'a kada a zubar da jini a burtalin nan. In aka zubar, da ni da kai za a tambaya." Motar ta tashi. Tun daga ranar sunana ya koma Ɗan Hamayya, har abokan aikina a sakatariya da shi suka san ni.

Kwana ashirin ɗin nan ban ci abincin kirki ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Duk wanda ya shigo daga wajen Roni sai in bi shi da ido in ga ko labarin jini ya kawo. Likita ya ce aiki za a yi wa Memba a ciki, ba inda zai taka. Ranar alkawari Arɗo ya iso da dagatai, suka tarar da buzu babu mai shi. Sai ga Kawu Babba daga Kano da saƙo: Memba ya ce a tafi da takwaransa. Wani dagaci ya yi tsaki ya ce su ba wasan yara suka zo ba. Ashe abin da ake ƙirgawa da yatsu a zaure ke nan. Tun da tsohon ya ji jikinsa, kullum yaron na ci shi kuma yana ɗura masa burtalin, alama bayan alama, kuma yaron ba ya taɓa nama sai ya maimaita alamar jiya. Aka ɗora yaron a kan jaki suka tafi. An ce da suka isa ya sauka ya fara: daga kuka mai kogo a miƙe gabas zuwa dutse mai doro, daga nan zuwa tagwayen tsamiya, daga nan a bi gefen kwari. A wani wuri mai gona ya rantse tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin tsamiya a nan ba. Baba Ƙarami ya nuna ƙasa ya ce a tona. Aka tona, sai ga kututture biyu a jere. Arɗo ya rungume shi ya ce muryar ta yaro ce amma maganar ta Memba ce. Aka kafa duwatsu, aka yi fatiha, ba a zubar da jinin kowa ba. Ni kuwa ina gida ina ba rago dusa.

Ranar na gane ba da zabo aka fifita shi ba. Tsohon ya duba jikokinsa duka, ya zaɓi wanda zai ɗauki sirrinsa da amanarsa. Kuna tsammanin gane wannan ya rage mini kishi? Ninka shi ya yi. Kuma don a ƙarasa ni, Arɗo ya aiko wa Baba Ƙarami da karsana. Ni na yi leƙen, ni na kai ƙara, ni na sa aka gano ciwon da wuri, shi ya sami saniya. Jikokin saniyar nan suna nan har yau a wajen Roni, in sun gan ni wani irin kallon raini suke yi mini.

Memba ya dawo daga Kano, ya ƙara damina uku a duniya. Ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Sai wata rana da azahar muka ji murya daga zaure, ta yi rauni amma ita ce: "Ɗan Hamayya!" Na ɗauka kunnena ne. Na miƙe, na kakkaɓe wando, na dubi Baba Ƙarami, na yi tafiyar agwagwar da na yi shekaru ina koyo a ɓoye. Tsohon ya turo mini akushin. Na ɗaga faifai. Wani farin tuwo ne ruwa-ruwa da miyar da babu gishiri, babu mai, babu barkono, babu daddawa, irin wadda likita ya yanka masa. Ko kaza za ta yi shawara kafin ta sa baki. Ya ce, "Kai ka kai ni ƙara, ga hukuncin da aka yanke mini. Sai mu raba." Na cinye tas, na suɗe. Na fito na je kunnen Baba Ƙarami zan yi gyatsa, ta ƙi zuwa. Sau ɗaya ke nan na ci ragowar Memba a rayuwata, kuma ko gyatsa ban samu ba.

Da aka raba gado, akushin wa kuke tsammanin aka ba? Shi ya sa da na ga shagunan nan makon jiya na ce wa ɗan acaba ya juya ya kai ni gidan Baba Ƙarami, ko in sami wanda zan yi wa faɗa in huce. Yanzu ya yi ritaya, gemu ya yi fari, har gobe in an yi rigimar burtali shi ake zuwa ɗauka, amma a mota. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, da babbar riga, ranar Talata, cikin zafin nan.

Na ce, "Bawana, an sayar da zauren Memba an kafa kujerar aski, kai kana nan kana ado. Ɗaurin auren wa za ka?"

Ya ce, "Zauna, Ɗan Hamayya, kai kullum da ƙara a bakinka."

Muna cikin haka aka kawo masa abincin rana, a cikin akushin nan, don har yau a ciki yake ci, musamman in ya ji ina gari. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ga zabo kwance a kai. Ya yanki loma ɗaya, ya juya ta a miya, ya kai baki, ya daɗe yana tauna. Ya waiga ya dubi ƙofar cikin gida. Sannan ya turo mini akushin.

"Ci albarka. Shekara arba'in kana so."

Na dubi akushin, na dubi babbar rigar. Na ce, "Riga nawa ce a jikinka?"

Ya ce, "Biyu."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan. Kada Hajiya ta ji. Bikin autata saura wata ɗaya, in ta sani za ta ɗaga bikin ta kwashe ni zuwa Kano. Bari in aurar da yarinyar nan da hannuna, sannan a kai ni duk inda ake so. Ka dinga biyowa da rana kana taya ni. Amana na ba ka."

Ga akushi, ga zabo, ga sirri, ga amana. Duk abin da na hau turmi ina leƙe, yau an ajiye shi gabana, ba wanda zan raba da shi. Na yi bisimilla, na naɗe hannun riga. Na cinye tuwon nan tas, na fasa ƙashin zabo na tsotse ɓargo, na suɗe akushi har ya fi ƙyallin da na san shi da shi. Na matsa kusa da kunnensa na saki wata gyatsa da na yi shekara arba'in ina tarawa, har tsuntsayen darbejiya suka tashi. Ya yi dariya har da hawaye. Sannan na wanke hannu, na miƙe, na je bakin ƙofa na ɗaga murya.

"Hajiya! Fito ki ƙirga rigunan mijinki!"

Ya yunƙura zai tashi ya kasa. "Kai! Amana fa na ce!"

Na ce, "Memba kai ya bar wa amana. Ni hamayya ya bar mini."

Yau kwanansa shida a asibiti a Kano, an ɗaga biki, kuma ya rantse ba zai ƙara yi mini magana ba har abada. Cikin hayaniyar sa shi a mota na ɗauke akushin na sa a ƙarƙashin rigata, yana nan gidana a kan kabad, na hana kowa taɓawa. Jiya da hantsi wayata ta yi ƙara, sai na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa, ko sallama babu.

"Ɓarawo. Ka mayar mini da akushina."

Na ce, "Ka zo da ƙafarka ka karɓa."